Mai Bokiti da Fengwin Ɗin da Ta Ƙi Cin Kifin Kowa

A bayan gidan namun daji akwai wata 'yar ƙofa da danshi ya kumbura, ba ta buɗuwa sai an sa kafaɗa. Shekara talatin da ɗaya, kullum ƙarfe shida da rabi na safe, kafaɗar mace ɗaya ce ke fara ture ta. Ma'aikata suna kiranta Mai Bokiti, kuma sunan ya bi jiki, domin a 'yan shekarun nan ko ofis aka kira ta da bokitinta take zuwa, rataye a hannun dama. Ita ce mai kula da fengwin da sauran tsuntsayen teku. Watan jiya ta yi ritaya, shi ya sa na ga ya dace a faɗi wace ce ita tun tana iya ji da kunnenta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, fengwin tsuntsu ne da bai san tashi sama ba. Tsayinsa bai wuce gwiwar babban mutum ba, bayansa baƙi, ƙirjinsa fari, yana tafiya a tsaye yana rangaji kamar yaro mai tatata. Amma bari ya faɗa ruwa, kafin ka kifta ya kai bango ya dawo. Kukansa kuwa, in ka rufe ido sai ka rantse jaki aka ɗaure a kusa. Guda talatin da huɗu ne a hannunta, ban da kwasakwasa biyu da wasu tsuntsayen teku masu karyayyen fiffike da aka tsinto aka kawo, waɗanda ba za su sake tashi ba.

In ta shiga ba ta fara da abinci. Tsayawa take a bakin ƙofa, ta ja numfashi, ta kasa kunne. Na daɗe ina mamakin wannan tsayuwa, har wata rana na tambaye ta. Ta ce tsuntsu ba ya nuna ciwo, ɓoyewa yake har sai ya kusa faɗuwa, don haka hanci da kunne ne ke fara gaya maka: warin kashi ya sauya, ko wani yana numfashi da ƙyar, ko mai yawan surutu ya yi tsit. Daga nan sai ta ƙirga su, ta wuce ɗakin kifi. Kifin da ya kwana a firji yana narkewa, ɗaya bayan ɗaya take juya shi. Mai fasasshen ciki ko dusasshen ido, kwandon shara. Sai ta cusa ƙwayar bitamin a kunnen wasu, ta jera su a gefe guda na bokiti don ta san wanda ya sha da wanda bai sha ba.

Ba a watsa wa fengwin abinci kamar kaji. A baki ake ba kowa, kuma kan kifin ake fara miƙawa. Na ce mata me ya sa, kifi ai kifi ne ta ko'ina. Ta kama hannuna ta shafa shi a jikin kifi daga kai zuwa wutsiya, santsi. Ta mayar da shi baya, ƙaya ta soke ni. "To ka ji," in ji ta, "maƙogwaro ma haka yake ji." Bayan ci sai ta rubuta a allo wanda ya ci nawa. Sai wanki: tiyo, buroshi, dutse bayan dutse, domin ƙazanta ko ƙasa mai kaushi na fasa musu tafin ƙafa. Sai ta bi ruwa da raga tana tsamo abin da 'yan kallo suka yar, murfin kwalba, maɓalli, leda. Ƙarfe uku a sake komai daga farko.

Kowanne da sunansa a wurinta, kuma ba ta duban zoben fiffike kafin ta gane su, ɗigon ƙirji take kallo. Akwai Ɓarawo, wanda bai taɓa ɗauko tsakuwar sheƙa da kansa ba, sai ta maƙwabta. Akwai Mai Ƙorafi, wanda ko ya ci goma zai yi kuka kamar an hana shi. Maigidanta, tsohon mai gyaran agogo, ya ce shekara talatin yana cin abinci da labarin mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba. 'Ya'yanta kuwa in ta fara sai su haɗa baki su ce, "Mama, zancen gizo ba ya wuce ƙoƙi."

Mai sayar da tikiti ya ba ni labarin wata rana da wuri ya cika maƙil, ana tsakiyar ba su abinci, ta ajiye kifi ta ce a kira Likita. Kowa ya duba bai ga komai ba. Ita ta ce Ɓarawo yana tsayuwa a karkace. Likita ta ɗauki hoton cikinsa don dai a rabu lafiya, sai ga ɗan kunne a ciki. Mai shara kuma ta ce ranar da na'urar sanyi ta mutu da rana tsaka, Mai Bokiti ce ta yi ta jigilar ƙanƙara daga ɗakin kifi, sawu ashirin da wani abu, har masu gyara suka gama, ba a rasa ko tsuntsu ɗaya ba.

Ke ce uwar marasa baki, Mai Bokiti. Ke kika yi shekaru mutane suna matsawa daga gare ki a mota saboda ƙarnin kifi, ba ki taɓa cewa uffan ba. Amma ba don ɗan kunne ko ƙanƙara na ɗauki alƙalami ba. Don Kaka ne, da abin da kika yi a makonninki na ƙarshe.

Kaka ita ce tsohuwar garken. Shekararta talatin da biyu, Mai Bokiti ta same ta tana 'yar shekara ɗaya. Shekara biyar da suka wuce ciwon yana ya rufe mata ido biyu, ta daina shiga rububin abinci, ta koma wani lungu tsakanin dutse da bango. Nan Mai Bokiti ke bin ta bayan kowa ya ƙoshi. Sauran da hannun hagu take ba su, bokiti na dama. Amma in ta zo kan Kaka sai ta ajiye bokiti, ta durƙusa ta ba mutane baya, ta dafa bayan tsohuwar da hagu, ta miƙa kifi da dama. Ranar hutunta Kaka ba ta ci, sai dai ba wanda ya damu, tun da fengwin na jure kwana ɗaya. Ga shi ma sau tari Mai Bokiti kan leƙo, ta ce wai ta mance laima.

Da takardar ritaya ta fito, aka ba ta wata biyu ta miƙa aiki. Wanda aka turo ba baƙo ba ne, Mai Macizai ne, mutum mai furfura a gemu, shekararsa goma sha takwas a ɗakin macizai. Abin alfaharinsa a duniya hannunsa. Zai riƙe kan kububuwa Likita na duba bakinta, hannun ko motsi, sai ka ce an kafa shi da ƙusa. Cikin mako biyu fengwin talatin da uku suka karɓe shi, har Mai Ƙorafi ya fara kai masa ƙara. A gaban Kaka kuwa ya durƙusa, ya dafa ta, ya taɓa gefen bakinta da kifi yadda aka koya masa, ta kawar da kai.

"Yaya, me nake yi ba daidai ba?" ya tambaya.

"Ban ga komai ba, ƙanena. Sake dai."

Ya sake har kifin ya yi ɗumi a hannunsa. Kaka ta juya masa ƙeya.

Abin bai zo a lokaci mai kyau ba. Sau ɗaya a shekara fengwin kan zubar da gashinsa gaba ɗaya, ya yi mako biyu zuwa uku ba ya shiga ruwa, ba ya cin komai, har sabo ya fito. Kafin nan dole ya ci ya yi ƙiba, kitsen ne guzurinsa. Lokacin ƙibar Kaka zai faɗo daidai makon da Mai Bokiti za ta tafi. Likita ba ta ɓoye musu ba: in ba ta ci a hannun wani ba, sai dai a riƙa danne ta ana zura mata roba a maƙogwaro, kuma ba ta jin tsohuwar zuciyar za ta ɗauki hakan kullum.

Sai gidan namun daji ya koma makarantar bincike. Kowa da nasa ilimin. Mai shara ta ce ƙamshin jiki ne, aka sa wa Mai Macizai rigar aikin Mai Bokiti, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu. Kaka ta ƙi. Mai gadi ya ce ƙarar takalmi ce, Mai Macizai ya tura ƙafa cikin takalmin robarta yana ɗingishi. Ta ƙi. Aka ce murya ce, aka ɗauki muryar Mai Bokiti a waya tana cewa "Zo, tsohuwa, zo," aka sa masa a aljihun gaba. Kaka ta miƙa wuya ta saurara, kifi ya taɓa bakinta, ta kawar da kai. Aka sauya bokiti, aka sauya kifi, aka sauya sa'a. Likita ta ce a bar ta da yunwa, yunwa malama ce. Kwana uku, sikeli ya nuna ta faɗa, Mai Bokiti ta kasa jurewa ta durƙusa, Kaka ta haɗiye bakwai a jere.

Mai Macizai ya cire safar hannu ya zauna a kan dutse. "Ni da macizai suka yarda da ni," ya ce, "yau tsuntsu makaho ya raina ni. Ruwa dai ba ya tsami banza, Yaya."

Saura kwana goma sha biyu Manaja ya kira ta. Ta je da bokitinta. Ya ce ya yi magana da na sama, tun da tsuntsuwar ta kafe, za a roƙe ta ta ci gaba da zuwa safe da yamma muddin Kaka na raye. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Wata biyu tana kwana tana tashi da tambayar me za ta yi da ƙarfe shida da rabi na safe in ta bar wurin nan. Ta ce za ta yi tunani, amma a hanyar gida ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓawa don murna.

Akwai abin da ba wanda ya sani a wurin aiki. Shekara shida ke nan hannunta na dama yana rawa. Ya fara kaɗan, ya yi ta ƙaruwa. Nauyin bokiti ne ke tsayar da shi, shi ya sa ba ta ajiyewa. Ta daina shan shayi da abokan aiki, ta koma rubutu a allo in ba kowa, in tana ba Kaka kifi takan ce wa Mai Macizai ya tsaya a bayanta kada ya tsorata tsohuwar. Tsoronta ɗaya ne: ranar da Likita ta gani, za a raba ta da wuƙa da jiƙaƙƙen dutse da baki mai kaifi, wato a raba ta da tsuntsayenta.

Washegari ranar hutunta ce. Da hantsi ta haɗa wa maigidanta shayi ta kai masa, yana kishingiɗe ya rufe ido. Tun tana bakin ƙofa ya ce, "Sannu, uwargida."

"Yaya aka yi ka san ni ce, ba 'yarka ba?"

"Cokalinki ne ke min sallama," ya ce yana dariya. "Tun daga kicin yake ƙas-ƙas a cikin kofi. Ni da na yi shekara arba'in ina sauraron agogo? Nata shiru yake zuwa."

Ta tsaya da kofin a hannu, tana kallon shayin yana kaɗawa. Sai ta ga abin da ya gagari gida guda. Makaho ya san mai zuwa da abin da ya ji. Kifi a hannunta ba ya tsayawa cik, karkarwa yake a gefen bakin Kaka kamar mai rai. Tun da idon tsohuwar ya rufe, ba ta taɓa cin kifin da ba ya motsi ba. An ara wa Mai Macizai riga da takalmi da murya, abin da ba a ara masa ba shi ne wanda take ɓoyewa. Hannunsa da ba ya motsi, shi ne laifinsa.

Ta faɗa wa maigidanta. Ya tashi zaune, dariyar ta tafi. "To, in kin faɗa musu?"

"Sun sallame ni ke nan, har da zuwan da aka ce."

"In kin yi shiru fa?"

"Ina nan da aikina har ta mutu." Ta ajiye kofin. "Ko har ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda, ta mutu da yunwa ga kifi a bakinta."

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take ta yanke shawara ba. Kwana biyu ta yi tana zuwa aiki da maganar a baki tana komawa da ita. Ta so ta zauna, so mai tsanani, kuma ba wanda zai taɓa ganewa. Ta ma gwada dabara, ta ce wa Mai Macizai ya ɗan motsa kifin, ba ta faɗi dalili ba. Shi kuwa ya kaɗa shi kamar mai kiran kyanwa, Kaka ta sare shi a yatsa.

A rana ta uku, bayan an gama ba sauran, ta aika a kira Likita da Manaja. Suka shigo cikin takalman roba, suka tsaya a lungun Kaka tare da Mai Macizai. Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta ajiye bokitin a kan dutse, ta miƙa hannun dama a gabansu. Hannun ya yi ta rawa.

"Tun yaushe?" Likita ta tambaya a hankali.

"Shekara shida. Ki yi haƙuri, 'yata, na ɓoye miki. Faɗan ya jira tukuna." Ta juya. "Ƙanena, durƙusa. Ɗauki kifi."

Ya durƙusa, ya dafa bayan Kaka da hagu, ya miƙa kifi da dama. Mai Bokiti ta sunkuya ta kama wuyan hannunsa. Rawar hannunta ta bi nasa ta sauka a kan kifin, kifin ya yi karkarwa a gefen bakin tsohuwar. Kaka ta ɗaga kai. Ta cafke, ta haɗiye, ta sake buɗe baki.

Mai shara, wadda ke leƙe ta bayan ƙofa, ta ce Mai Macizai bai iya ɗago kai ba sai da ya goge ido da kafaɗa. Da ya samu bakin magana cewa ya yi, "Yaya, shekara goma sha takwas ina koyon kada hannuna ya motsa."

"To saura kwana takwas ka koyi akasin haka," in ji ta.

Haka suka yi kwanakin, safe da yamma, hannunta a kan nasa. Ba girgiza ba ce, ba kaɗawa ba ce, 'yar karkarwa ce da ke fitowa daga wuyan hannu. Ya yi ta gwadawa da cokali a kofi a ɗakin hutu har abokan aiki suka gaji da ƙarar. A rana ta biyar ta zare hannunta ba tare da ta gaya masa ba, Kaka ta ci shida. Likita kuma ta yi abin da aikinta ya ce. Da hawaye a idonta ta faɗa wa Manaja ba za ta sa hannu mai irin wannan rawa ya koma kan wuƙa da santsi ba. Mai Bokiti ba ta yi gardama ba, ta san farashin tun kafin ta ajiye bokitin. Ranar ƙarshe ta wanke shi, ta kife a inda ta saba, ta fita ta ƙofar da ke buƙatar kafaɗa.

Kaka ta yi ƙiba har tana tafiya da ƙyar. Ta zubar da gashi, ta yi makonninta a lungu buzu-buzu, ta fito da sabon gashi mai sheƙi.

Mun gode, Mai Bokiti. Ke ce kika samu hanyar zama inda ranki yake, ba ƙarya, ba zamba, shiru kawai ake bukata, kika ƙi. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba hannun nan sauƙi. Mu kuma da muka daɗe a kan wani aiki, a ofis ne ko a shago ko a gida, mu tambayi kanmu: me muke riƙe da shi don kada a iya yi ba mu? In lokacin miƙawa ya zo mu miƙa duka, har da abin da muke jin kunya, domin wani rai na iya zama rataye a kansa.

Yanzu ta ƙofar gaba take shiga, mai tikiti ba ya yarda ta bi layi. Makon jiya ina tsaye kusa da ita a bayan gilashi, ƙarfe uku, Mai Macizai ya durƙusa a lungun Kaka. Shi ba ya ba mutane baya. Wata mata da ke gefenmu ta taɓa ƙawarta ta ce, "Allah sarki, dubi bawan Allah nan, hannunsa rawa yake, amma bai bar aiki ba."

Mai Bokiti ta zaro hannunta daga aljihu, ta ɗora a kan gilashin, kowa na gani.

"Ni na koya masa," ta ce.